Motar Da Karnuka Suka Zaɓa

A Aliero, garin da ko tari ka yi sai ka ji albasa a maƙoshi, an yi wani manomi da ake kira Alu Mai-Ido. Ba iyayensa suka raɗa masa Mai-Ido ba. Shi ya raɗa wa kansa, don a cewarsa babu abin da zai duba sau ɗaya bai san cikinsa ba, ko sa ne, ko gona, ko ɗan Adam. Ya taɓa ɗaga kai ya dubi hadari ya ce wannan ba ruwa cikinsa, ya baje albasarsa a fili. Ranar, ruwa ya riga shi kai albasar bakin kasuwa. Da maƙwabta suka zo jaje, ya ce dama yana da niyyar wanke ta.

Ban da noma, Alu mafarauci ne, ko dai haka yake faɗa. Karnukansa biyar. Biyu sunansu Duna da Guntu. Sauran ukun kuwa ya sa musu suna ne don maƙwabcinsa Buba, wanda katanga ɗaya ta raba su, kuma ba su taɓa shan inuwa ɗaya ba: Ba-Ruwanka, da Yi-Ta-Kanka, da Ƙyale-Shi. Kowace safiya sai ya tsaya jikin katangar ya kira su da ƙarfi ɗaya bayan ɗaya, Buba na can yana shan kununsa yana ji. Shekara bakwai yana kiwon karnukan nan, abin da suka taɓa kamowa gafiya biyu ne da zabuwa ɗaya. Zabuwar ma da aka bincika, ta Buba ce.

Alu bai taɓa ganin laifin karnukansa ba. Shi a wurinsa laifin tafiya ne. A gida, da ya busa ƙahon farauta sai ka ga sun haukace suna neman tsinke igiya. Amma dajin da mafarauta ke haɗuwa yana can wajen Kuberi, a ƙasar Maiyama, kuma babu direban da zai yarda a sa masa kare a mota. Sai dai ya cusa biyu cikin mangala a bayan babur, uku su bi da gudu. Kafin a isa, na mangala sun yi jiri, na ƙasa sun yi laushi, kowa ya nemi inuwa ya miƙe ƙafa.

Wata shekara albasa ta yi daraja, Alu ya sayar ya ji nauyi a aljihu. Matarsa Hauwa'u ta same shi a tsakar gida.

"Malam, injin ban-ruwanmu hwa ya tsuhwa, tari shika yi awa mai asma. Tunda Allah ya kawo, a sayi sabo."

"Hauwa'u, ke tunaninki bai wuce bakin rijiya ba. Mota za ni saye. Wadda za ta ɗauke ni, da ke, da Inno, da mutanena biyar."

"Waɗanne mutane?"

Ya nuna karnukan da haɓa.

Inno, mahaifiyarsa, tana zaune bakin ɗakinta tana tsintar wake. Da yake shi ne ɗanta na fari, ba ta kiran sunansa. Ta ce, "Kai wanga, ni da alwalata za ka haɗa da karnuka cikin akwati guda?"

"Inno, ai motar zamani ɗaki-ɗaki ta."

Kuɗin da ke hannunsa sun fi ƙarfin babur, amma ba su kai ƙafar mota ba. Hauwa'u ta tuna masa. Ya ce tsada ai ta makafi ce, mai ido araha yake saye. Ana cikin haka aka aiko daga Karaye ta ƙasar Maiyama, garin su Hauwa'u, cewa matar ƙanenta ta haihu, suna mako mai zuwa. Alu ya buga cinya. Ya fita majalisar ƙofar gida ya sanar da kowa, da muryar da ta tsallake katangar Buba, cewa ranar suna da motar kansa zai shiga gidan surukai, daga nan kuma ya zarce Kuberi da karnuka, su isa da ƙarfinsu, a ga farauta.

Ranar kasuwar Jega ya yi shatar keke mai ƙafa uku da ke ɗaukar buhunan albasa, ya zauna a baya da karnukansa. Suka sauka a rumfar wani dillalin motoci mai suna Bature. Yana sauka ya tarar da Buba zaune a benci.

"Kai kuma mi ya kawo ka?"

"Igiyar akuya niz zo saye."

"Nan aka sai da igiya?"

"Inuwa nika sha."

Bature ya taso yana washe baki. "Alhaji, barka da zuwa!" Alu ko filin jirgi bai taɓa gani ba, amma bai gyara masa ba. Ya faɗi abin da ke aljihunsa. Bature ya ɗan rage murmushi, ya kai shi gaban wata 'yar ƙaramar mota mai tsabta, ya ce in ya ƙara kaɗan zai samu. Alu ya leƙa, ya ce wannan ko Guntu sai ya naɗe wutsiya.

Bature ya nuna masa wata a-kori-kura, tsohuwa amma lafiya lau. "Alhaji, in don ni ne, wagga ta dace da kai. Iyali su zauna gaba, karnuka baya, ba mai taɓa wani. Kuma ranar da ba biki ta ɗauko maka taki da albasa. Kuɗinka sun isa."

Daga benci Buba ya ce, "Gaskiya ta."

Ai kuwa da Buba ya yi shiru da wataƙila an daidaita. Alu ya murtuke. "Ni in shiga Karaye cikin motar taki? Surukaina su ce mi? Ku ba ku san mota ba."

Yana cikin faɗa sai igiyar ta kuɓuce daga hannunsa. Karnukan biyar suka zabura a guje, suka wuce motocin da ke jere, suka nufi gindin wani dogon-yaro a can ƙarshen fili. Wata doguwar mota ce a wurin, mai faffaɗan but, fentinta kala uku, kaza na kwanci a kan kujerar direba. Suka faɗa ciki ta baya, suka shiga sunsuna ko'ina suna kaɗa wutsiya har da kukan daɗi. Aka yi kira, aka yi ja, suka ƙi fitowa.

Alu ya riƙe ƙugu, ya juyo ya dubi jama'a. "Kun gani? Dabba tana ganin abin da mutum bai gani. Wagga nika so."

Bature ya sosa ƙeya. "Alhaji, wagga ban ma sa ta cikin na sayarwa ba. Ba ta da ribas."

"Namiji ba shi ja da baya."

"Gilashin baya babu."

"Mutanena su sha iska."

"Ƙohwa guda ka buɗewa, ta direba."

"Maganin ɓarayi ke nan."

"Birki kuma sai an taka sau uku."

"Alwala ma uku-uku aka yin ta."

Bature ya ɗaga hannu sama. "Jama'a, ku shaida na hwaɗa mai!"

"Mun shaida," in ji Buba, da muryar da ta fi ta kowa.

Alu ya zagaya motar, ya ƙwanƙwasa taya da ƙafa, ya kara kunne jikin bonet ko da yake ba a tayar da injin ba, ya gyaɗa kai irin na wanda ya ji sirri. Aka kori kaza, aka kwashe ƙwanta, aka tura motar har ta tashi. Wani direba ya kai masa ita Aliero, don shi Alu abin da ya taɓa tuƙawa babur ne kawai. Ya ce wannan ba komai ba ne, inji duk inji ne. Kwana uku ya yi yana koyo a filin ƙwallo. A rana ta uku 'yan ƙwallo suka wayi gari ba su da raga.

Ana gobe suna ya sayo zana, ya yanka, ya ɗaure ta da igiya tsakanin kujerar baya da but. Ya kira Hauwa'u da Inno su ga ɗakin da ya yi wa karnuka.

Hauwa'u ta toshe hanci da gyale. "Malam, wanga warin hwa?"

"Ƙanshin ƙasar waje na. Ba ki saba ba."

Da gari ya waye aka yi shiri. Yaransu dama sun riga sun tafi Karaye tare da gwaggonsu. Hauwa'u ta sha sabuwar atamfa, ta ɗauko babban kwanon masa da ta tashi tun asuba ta toya wa 'yan suna. Inno ta sa farin mayafinta na zuwa Juma'a. Da yake ƙofa ɗaya ce, sai da tsohuwa ta shiga ta wurin direba, ta tsallake giya, ta rarrafa zuwa baya tana salati. Hauwa'u ta bi ta da kwanon masa. Karnuka suka haye but. Matasan unguwa suka tura, motar ta yi atishawa biyu ta kama. Da suka fita gari Alu ya leƙa madubi, ya hango Buba a kan babur yana biye.

Ya leƙo da kai. "Ina za ka?"

"Hanya ta gwamnati ta!"

Har Jega ba abin da ya faru, in ban da hancin Duna da ya huda zana ya tsaya daidai kunnen Inno yana huci. Ita kuwa ta matse a lungu tana jan tasbaha da sauri.

Sai dai mako ya zagayo, ranar kasuwa ce. Titi ya cika da babura da kekuna da masu buhunan gero. Daidai mashigar kara, inda ake sayar da dabbobi, wani ƙaton mutum ya koro garken awaki zai tsallaka da su. Alu ya ga lokacin da Jega za ta san ya yi mota ya yi. Ya danna hon.

Wannan hon ba irin na sauran motoci ba ne. Tsufa ya shaƙe shi, sai ya fitar da wata doguwar ƙara mai kauri, buuuu, sak ƙahon farauta. Karnukan nan kuwa yau ba mangala, ba gudu, sun huta sun sha iska. Kafin ƙarar ta mutu duk biyar sun dire ta inda babu gilashi, sun faɗa cikin awaki.

Kasuwa ta kacame. Awaki suka watse, wasu cikin rumfar mai tumatir, wasu ƙarƙashin tirela. Alu ya taka birki sau uku, ya fito da gudu. Mai awaki ya tare shi, idanu jajur.

"Kai mai mota! Karnukan wa na waɗanga?"

Alu bai ko dube shi ba, hankalinsa na kan karen da ya kama wata akuya a ƙafa. Ya ƙwala kira, "Ba-Ruwanka!"

"Ni kaka ce ma ba ruwana? Awakina na!"

"Yi-Ta-Kanka!" in ji Alu, yana hango ɗayan ya shiga rumfar mahauta.

Mutumin ya cakumi wuyan rigarsa ya ɗaga hannu. Wani dattijo mai son sulhu ya yi maza ya riƙe hannun ta baya yana ba shi haƙuri. Daidai nan kare na uku ya gifta da kunnen wani bunsuru a baki.

"Ƙyale-Shi!" Alu ya daka tsawa.

Dattijon ya dube shi da mamaki. "To, tunda kai kac ce." Ya saki.

An ce har masu awon gero a ɗaya gefen titi sun ji ƙarar marin. Buba yana tsaye kan baburinsa, ya san gaskiyar magana tun kiran farko, amma sai da aka yi na biyu sannan ya kutsa yana share hawayen dariya. "Ku yi haƙuri, bayin Allah, sunayen karnuka na! Ni anka raɗa ma su, shekara bakwai nika shan su da kunu!"

Da ƙyar aka tattaro awaki, aka kamo karnuka, aka ba mai garke haƙuri. Alu ya koma mota kunci a kumbure.

Hauwa'u ta ce, "Sannu, Malam."

"Mi anka yi? Ai rashin hwahimta na. Da ya gane ko ni wane ne, kin ga yadda jikinai ya mutu."

"Na gani. Hannunai ma ya gaji."

Suka kama hanyar Maiyama. Rana ta ɗaga. Karnuka da suka ɗanɗana farauta suka ƙi kwanciya. Suka koma tonon bayan kujera, suna yagar soso suna tunkuɗa hanci ciki. Zana ta fara zubewa kara-kara a kan mayafin Inno. Hauwa'u ta rungume kwanon masa a ƙirji. Ana shiga Maiyama sai bonet ya fara tururi kamar tukunyar dambu, motar ta yi shiru da kanta, ta gangara ta tsaya, cikin ikon Allah, daidai rumfar wani bakanike. A wannan tsayawar ce jinginar kujerar baya ta karye. Inno ta tafi da baya, ƙafafu sama, ta sauka cikin but. Guntu ya yi mata maraba da harshe tun daga haɓa har goshi.

"Innalillahi! Kai wanga, hidda ni! Alwalata! Mayahina!"

Fitar da ita ma aiki ne, don sai da aka sake bi da ita ta kan giya. Mai shayin da ke gefe ya kawo buta. Bakaniken ya fito yana goge hannu, ya dubi motar, ya zagaya ta, sai ya fashe da dariya.

"Kai! Wagga tana nan da rai? Ai motar mai kihi ta! Shekara goma tana jigilar banda daga Yawuri. Ni nic ce mai ya yar da ita." Ya zura hannu cikin yagaggen soso, ya zaro busasshen kan tarwaɗa, ya ɗaga. Karnuka biyar suka miƙe tsaye a kan ƙafafun baya.

Buba, wanda ya riga ya sayi shayi ya zauna, ya ce, "Ashe dai dabba tana ganin abin da mutum bai gani."

"Na sani tun ranar," in ji Alu. "Don shi niz zaɓe ta. Motar da ta ɗauki kihi shekara goma, mutum uku za su gagare ta?"

Bakanike ya zuba ruwa a lagireto, ya ɗaure wani abu da waya, ya ce in sun yi sa'a za ta kai su. Aka tokare kujera da itace. Inno ta rantse ba ta komawa baya, ta zauna gaba, Hauwa'u ta zauna baya ita da kwanon masa da idanu goma a kansa. Da suka bar kwalta suka hau hanyar Karaye, azahar ta kusa.

Hauwa'u ta matso kusa da kunnensa. "Malam, abu biyu nika roƙo, don girman Allah. Gidan ubana za mu. Kada ka taɓa hon. Kuma kome ya hwaru, kada ka kira karnukan ga da suna gaban Baba."

"Ke kina ganin ban da hankali?"

Inno ta ƙara saurin jan tasbaha.

Ƙofar gidan Malam Usmanu, mahaifin Hauwa'u, cike take da jama'a. An raɗa suna tun da safe, an yanka rago, maza na zaune a kan tabarmi ƙarƙashin rumfa suna cin tuwo. Daga cikin gida, bayan dangar zana, hayaƙin suya ke tashi. Alu ya rage gudu, ya gyara hula, ya fitar da gwiwar hannu ta taga. Ba wanda ya ɗago. Miyar ta yi daɗi, kowa kansa na cikin kwano. Ya yi gyaran murya. Shiru. Duk marin da ya sha, duk tururin Maiyama, a ce ya shigo Karaye da motar kansa ba wanda ya gani? Yatsansa ya fara ƙaiƙayi. Ya ce a ransa, kaɗan dai, ɗan taɓawa.

Ya taɓa. Hon ya maƙale.

Buuuuuu, ba tsayawa. Karnuka suka tashi gaba ɗaya. Uku suka fita ta baya, biyu suka bi ta kan Hauwa'u, kwanon masa ya yi sama. Alu ya rikice. Ya taka birki sau ɗaya, sau biyu, a na uku ƙafarsa ta sauka kan totur. Masu cin tuwo suka watse, wani da kwano, wani da takalmi ɗaya. Motar ta bi ta kan tabarmi, ta ratsa danga ta yafa ta a ka kamar mayafi, ta shiga tsakar gida, ta je ta dafa rumbun gero sannan ta tsaya. Rumbun ya yi tunani kaɗan, ya saki hularsa a kan bonet.

Mata masu suya suka yi ɗaki da gudu suna salati. Suka bar naman rago tuli a faranti, wani soyayye, wani ɗanye. Karnukan da suka wuni suna haƙa soso don kan kifi, yau ga rago guda an yanka an jera musu.

Alu ya fito yana tuntuɓe. Ya tuna alkawari. Ya yi fito, hon ya haɗiye shi. Ya tafa hannu. Ya kira Duna da Guntu, masu sunan da ba ya jawo mari, ko kallonsa ba su yi ba. Sauran ukun kuwa sai dai ya bi su yana "Kai! Kai wane! Kai ɗayan!"

Malam Usmanu ya shigo ta inda danga take a da. Dattijo ne mai sanyin hali, da farin gemu da carbi a hannu. Ya dubi rumbu, ya dubi farantai, ya dubi surukinsa da ya durƙusa a ƙasa yana jan Guntu ta wutsiya.

"Alu, lahiya? Mi ya hwaru haka?"

Abu biyu suka faru a tare. Buba, wanda ya ɗaga bonet, ya fizge wayar batir, hon ya ɗauke ɗif. Wani kare kuma ya bi ta tsakanin ƙafafun dattijon da cinyar rago sukutum a baki. Bakin Alu ya riga hankalinsa.

"Ba-Ruwanka!"

A cikin shirun nan, har jaririn da ke ɗaki ya ji. Wata tsohuwa ta saki ludayi. Hauwa'u, wadda ta fito ta ƙofar direba da masa manne a ɗankwali, ta zube gaban mahaifinta.

"Baba, wallahi sunan kare na. Ba da kai shika ba."

"Sunan kare," in ji Malam Usmanu a hankali. "To, madalla. Sauran hwa, mi as sunansu?"

"Baba, kada ka tambaya."

Samari suka shigo da sanduna suka kori karnuka, amma aikin gama ya gama. Abin da ya rage na rago sai ƙaho da fata. Mata suka fito suna tattara farantai da tukwane, kowanne sai an wanke shi sau bakwai. Inno ta zauna kan turmi ta ce in an gama da tukwane a zo a yi mata nata bakwai ɗin.

Malam Usmanu ya ce, "Alu, ja motarka baya, mata su samu wurin aiki."

Alu ya dubi ƙasa.

Buba ya yi gyaran murya. "Baba, ba ta da ribas."

Dariyar da jama'a ke dannewa saboda kunyar dattijo ta ɓalle. Har liman sai da ya juya baya kafaɗunsa na rawa. Alu ya ga duk Karaye ta taru a kansa, maza ta wajen danga, mata ta bakin ɗakuna. Ya miƙe, ya karkaɗe gwiwa, ya gyara hula, ya ɗaga murya yadda kowa zai ji.

"Baba, ai ba sai an hidda ta ba. Dama kyauta nik kawo maka ita, ta barka. Shi ya sa nish shigo da ita har cikin gida."

Kowa ya juya ga dattijo. Malam Usmanu ya ja carbi ɗaya, biyu.

"Allah shi yi albarka. Mun gode, mun karɓa." Ya juya ga jama'a. "Ku shaida, motata ta. To ni kuma na ba surukina ita tukwici. Shi tahi da abarshi kahin la'asar."

Aka maida wayar batir, aka murɗa, aka roƙa, injin ya ce shi ya gama aiki a duniya. Dole aka ɗauko shanun huɗar Malam Usmanu guda biyu, aka ɗaura igiya, suka jawo ta waje, aka juya ta, aka sake ɗaura su a gaba. Hauwa'u ta ce ita za ta kwana biyu tana taya mai jego wanke-wanke, tunda mijinta ya samar musu aikin. Inno kuwa, da ba ta taɓa yarda da babur ba a rayuwarta, ta haye bayan na Buba ba tare da an roƙe ta ba. Batun farautar Kuberi ba wanda ya tayar, don mafarautan biyar sun riga sun haye kujerun mota, ciki ya yi ƙwal, suna minshari.

Haka aka kama hanya. Ƙanen Hauwa'u, uban jariri, yana gaba yana kora shanu. Alu na riƙe da sitiyari. Kafin su kai kwalta ya sake fitar da gwiwar hannu ta taga.

Da la'asar sakaliya suka shigo Maiyama, suka bi ta gaban tasha. Direbobi da 'yan kamasho suka taso suka yi layi a bakin titi. Wani direban bas ya leƙo yana riƙe da ciki.

"Alhaji! Wace irin mota ta wagga?"

Alu ya dube shi sama da ƙasa, irin kallon da mai ido ke yi wa makaho.

"Sabon yayi ta, ba ta iso nan ba tukuna. Ba ta shan mai, sai dusa da harawa."

"To in injin ya tsuhwa hwa?"

"Yankawa akai a sha romo," in ji Alu. "Naka hwa?"